Na shafa lalle don ɓoye furfura, an koro ni daga wod, ya zan yi?

Mai_Furfurar_Gado:
Salam jama'a. Don Allah masu aikin jinya ku ba ni shawara. Ina aji biyu a makarantar nas, shekarata 23 amma furfura ta cinye min gaban kai, gado ne, babanmu ma tun yana saurayi ya yi ta. A aji Baba ake ce min ban taɓa damuwa ba, sai da muka fara zuwa asibiti wata mata ta tambaye ni wai jikokina nawa. Da na je gida hutu yayata ta kwaɓa min jan lalle ta ce awa biyu ya isa, ni kuma na zauna kallon ƙwallo na manta da shi har awa huɗu, da na wanke inda gashin yake baƙi yana nan yadda yake, inda furfurar take kuma ya koma kalar manja sak.

Ranar Litinin muna layi a wod ɗin maza malamarmu tana duba takalmi da farce da yunifom, tana zuwa kaina ta tsaya ta ce "kai kuma wane kulob kake buga wa?" Kowa ya kwashe da dariya. Ta ce in fita sai na dawo da kai irin na mutane. Ban ji haushin wannan ba kamar yadda ta ƙara da cewa masu irin kan nan ne ba a bar musu makullin kabad ɗin magani. Ni ko sigari ban taɓa kai wa bakina ba wallahi. Eh na san takardar dokokinmu ta hana rina gashi, amma na ɗauka masu bulu da ruwan gwal ake nufi. Yanzu in bi shi da baƙin dayis ne, ko in aske, ko in kai ƙara?

Anti_Nas:
Ƙanena je ka yi kwal-kwabo yau ɗin nan, gobe ka koma da sassafe ka gaishe ta ka ba da haƙuri. Maganar makullin da ta yi ba ta kyauta ba, na faɗa, ni ba zan faɗa wa ɗalibi haka a gaban marasa lafiya ba. Amma ita za ta sa hannu a littafinka na firaktikal, kuma doka a rubuce take ka sa hannu ranar da ka shiga, in ka kai ƙara takardar za su ɗauko su nuna maka.

Sannan ku ɗalibai ku riƙa bambancewa. Akwai dokar da aka yi saboda lafiyar majinyaci, yanke farce, cire farcen kanti da zobba da agogo, ɗaure gashi kar ya faɗa cikin ciwon da kake wankewa. Wannan ba wasa a ciki, ƙwayoyin cuta a ƙarƙashin dogon farce suke maƙalewa ko ka wanke hannu, har a ƙa'idar wanke hannu ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta 2009 maganar farce tana ciki. Kalar gashi kuma ba ta ɗaukar cuta, wannan doka ce ta idon jama'a kawai. To amma idon jama'a ma aiki ne a wajenmu. Na taɓa ganin tsoho ya janye hannunsa ya ƙi yarda wani yaro ya sa masa ruwa saboda askin kansa kawai, yaron kuwa ya fi kowa iya samun jijiya a wod ɗin.

Abu_Hanan:
Anti ki yi haƙuri amma a nan fa akwai son kai. Da a ce wani babban likita ne ya shigo da gemu jajir da lalle ai cewa za a yi masha Allah ya raya sunna, har a rusuna masa. Lallen ɗaya ne, sai don yana kan yaro ɗalibi ya zama ɗan ƙwaya? Irin tunanin nan ne fa ya sa a da 'yan sandan SARS suke tare samari don sun ga dada ko rinannen kai su hau bincikar waya, yana cikin abin da ya fito da mutane titi a Oktoban 2020. Kuma ɗan uwa maganar baƙin dayis ka tambayi malamai tukuna, hadisin Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar yana cikin Muslim, ranar buɗe Makka aka kawo shi kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza farin amma a guji baƙi. Ka ga kenan wanda aka kore ka a kansa ma shi ne ba a ja a kai.

Ladi_Jos:
Ni dai roƙona KAR ka taɓa dayis ɗin nan a kan gaggawa. Yawancinsu akwai sinadarin PPD a ciki, wata 'yar hostel ɗinmu ta shafa da yamma, washegari fuska ta kumbura ido ya rufe ruf, gefen kunne duk ƙuraje suna ruwa, sati ɗaya ba ta shiga aji ba. In dole ne sai ka ɗan ɗiga a bayan kunne ka jira awa 48 ka gani, kai kuma ba ka da awa 48.

Ku maza ma kun ji daɗi reza ɗaya ta raba gardama. Mu masu sa hular nas gaban kanmu a waje yake, na kashe kuɗi da wuni guda a wajen mai kitso na sa atachimen lamba 33, wanda sai ka shiga rana ma za ka ga jansa, aka ce in tsefe kafin gobe, lamba 1 ko 2, masu baƙi-baƙi, kawai aka yarda. Ƙawata mai hijabi kuwa kanta ruwan zuma ne gaba ɗaya ba wanda ya sani, tunda Majalisar Nas da Ungozoma ta yarda da hijabi iya kafaɗa tun 2002. Ba haushinta nake ji ba, dariya ma muke yi. Wadda ta ban tausayi wata ce da Allah ya yi ta da gashi jaja-jaja, sai da ta kawo hotonta na firamare kafin a yarda ba rini ba ne.

Nas_a_Ingila:
Nan inda nake aiki shugabar wod ɗinmu gashinta shuɗi ne a gefe guda, ba wanda ya ɗaga kai ya kalla. Amma ka shigo da agogo ko riga mai dogon hannu ka ga tashin hankali, tun 2007 suka kawo tsarin daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba komai. Hular nas kuwa sun daɗe da ajiye ta. Kowane asibiti dai da nasa dokar, wasu har yanzu suna rubuta kalar gashi ta zama irin ta halitta.

Anti_Nas:
To Sista a gaida Ingila, shi dai yaron nan a nan zai rubuta jarrabawar kansil, wato ta Majalisar Nas da Ungozoma. Abu Hanan ban ce ka yi ƙarya ba, babban likitan ya riga ya karɓi takardarsa ne.

Mai_Furfurar_Gado:
Na gode duka. Na aske tun ranar, na je na ba da haƙuri, ta kalli kan ta ce yanzu ka fito nas. Maganar makullin dai har yau tana raina, na so in yi mata magana bakina ya ƙi buɗuwa. Sati uku kenan furfurar ta dawo fes. Jiya wani dattijo da aka kwantar a gado na shida, likita ya gama yi masa bayanin maganinsa tsaf, yana juya baya sai ya yafito ni da hannu ya ce "Baba zo nan, kai ne babba, yaron nan gaskiya ya faɗa kuwa?"