Anonymization: sakaya suna ne ko ɓad da sawu?

Malaman Hausa da masu harkar kwamfuta, ku matso kusa. Ana neman kalmar da za ta tsaya wa anonymization, wato a gyara bayanan mutane, irin na asibiti ko na ƙidaya, yadda za a miƙa wa masu bincike ba tare da an gane na wane ne ba.

Abin da ke fara zuwa baki shi ne "sakaya suna", tunda kullum muna ji a rediyo: wani jami'i da ya nemi a sakaya sunansa. Ni dai bai kwanta mini ba. Ai ɗan jaridar ya san mutumin, har lambarsa na cikin wayarsa. Wannan ya fi dacewa da pseudonymization, inda ake cire suna a sa lamba, amma makullin da ke nuna wace lamba ce ta wane suna na nan a ajiye. GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, ma ta raba su: bayanan da aka sa wa lamba har gobe na mutum ne a idon doka.

Kuma goge suna kaɗai ba ya fid da kai. A 1997 wata masaniyar kwamfuta a Amurka, Latanya Sweeney, ta ɗauki bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Massachusetts da aka cire wa sunaye, ta gwama su da rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge da ta saya dala 20, sai ga fayil ɗin gwamnan jihar, William Weld. Ranar haihuwa, jinsi da lambar yankin gidan waya ne kawai suka tona shi.

To me ta yi in ba bin sawu ba? Shi ya sa nake ba da shawarar "ɓad da sawu". Aikin kuwa haka yake: ranar haihuwa ta koma shekara kawai, unguwa ta koma ƙaramar hukuma, har bayanin kowane mutum ya yi kama da na mutane da dama. Sai mu samu biyu lokaci guda, domin re-identification, wato sake gano mai bayanan, ya zama "bin sawu".

Wani zai ce "ɓad da kama" fa? Mai ɓad da kama yana nan cikin rigarsa, ana yaye rawanin an gan shi.

Inda nake jin za a ja da ni: ɓad da sawu na da ƙanshin laifi, an fi jingina shi ga ɓarawo. Shin zai zauna a fassarar Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ba tare da mai karatu ya zargi mai gyara bayanan ba? 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku ma yaya ya faɗo muku a kunne?