Ta ina ake fara binciken tarihin kulob ɗin karate na ƙauye?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kulob ɗin garinmu da ke atisaye a filin firamare ya daɗe, amma dattawan cikinsa sun saɓa kan shekarar kafa shi da salon da aka fara koyarwa. Ta ina za a kama?

Malamin karate: Wa'alaikumussalam. Ƙanena, fara da takardun jarrabawar ɗamara. Galibi suna ɗauke da kwanan wata, matakin kyu (na masu koyo) ko dan (na masu baƙar ɗamara), da sa hannun wanda ya yi jarrabawar. Wadda ta fi tsufa ita ce shaidarka ta farko. Ka ɗauki hotonsu da waya nan take, don gara da yoyon damina ba sa barin takarda. Salo kuwa kata ke tona shi, wato jerin motsin da ɗalibi ke haddacewa yana yi shi kaɗai. Ka sa tsofaffin ɗalibai su yi wadda suka fara koya. In Heian ce, masu matakai 5, Shotokan ke nan, salon Gichin Funakoshi da ya kai karate Tokyo daga Okinawa a 1922. In Gekisai da Sanchin ne, Goju-ryu ke nan. Kada ka dogara da launin ɗamara, kowace makaranta da tsarinta.

Baba na Gaya: Yaro, kada ka tara dattawan wuri ɗaya, mai babbar murya zai danne sauran. Bi su ɗai-ɗai. Mutanenmu ba sa riƙe shekara, sai abin da ya faru, don haka ka tambaya: kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991 ne ko bayan nan? Wane hakimi ke kan gado? In biyu suka dace ba tare da sun ji juna ba, rubuta.