Maigidana yana kwana da adda saboda ɓarayi, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Ɓarayi sun addabi unguwarmu a Kano. Makon jiya da tsakar dare suka haura gidan maƙwabcinmu, suka kwashe wayoyi da batirin sola, da ɗansa ya taso kuma suka sare shi a hannu. Tun ranar maigidana yake kwana da adda a ƙarƙashin katifa, wai duk wanda ya diro masa gida sai dai uwarsa ta haifi wani. Tsorona biyu ne: kada su illata shi, kada kuma ya kashe wani ya ƙare a gidan yarin Kurmawa, ga yara ƙanana. Shin doka da addini sun ba shi wannan damar?

Baban Khalifa: Hajiya, wanda ya tsallako katanga ƙarfe uku na dare ba gaisuwa ta kawo shi ba. Yawancinsu ma a buge suke da ƙwaya. Ki bar mutum ya tsare gidansa.

Lauya: Baban Khalifa, da gaskiyarka, amma da saura. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda a yi amfani da ƙarfi wajen kare rai ko dukiya, da sharaɗin kada ya wuce abin da ya zama dole. Dokar Penal Code ta Arewa ma ta lissafa fashi da fasa gida cikin dare a cikin abubuwan da kare kai zai iya kaiwa ga kisa. Abin da alƙali zai duba shi ne lokacin da aka kai saran. Ɓarawo ya yo kanka da wuƙa a tsakar gida ka sare shi, wannan kare kai ne. Ya yar da wuƙar, ko ya juya yana kama katanga ka sare shi ta baya, labari ya canza, domin haɗarin ya wuce. Ku tuna da Sunday Jackson, manomin nan na Adamawa. Ya ce makiyayi ne ya kai masa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace ta ya soke shi. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, bisa cewa da ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. An yi ta sukar hukuncin, ni ma bai kwanta mini ba, amma ya nuna yadda kotu ke auna abin. Kuma kada wani ya zuga maigidanki ya sayo bindiga, ko ta toka ce sai da lasisi.

Malam na Zaure: A Sahihu Muslim, wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Ya ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi, in an kashe shi ya yi shahada. Sai dai malamai sun ce ana farawa da mafi sauƙi: ihu, gargaɗi, duka, kisa a ƙarshe. Wanda aka riga aka kama, hukuncinsa na hukuma ne.

Maman Ikram: 'Yar uwa, ni adda ba ta burge ni ba, don ba su cika zuwa su kaɗai ba, ana iya ƙwace ta a sare shi da ita. Ku sa sakata mai ƙarfi a ɗakin kwana, yara su kwana kusa da ku, a sa fitilar sola a tsakar gida. A layinmu kowane gida akwai usur, ɗaya ya busa duka sai a ɗauka. Ki ajiye lambar 'yan sintiri da ta DPO a wayarki. Waya dai ana sayen wata.

Ɗan Fagge: A kula da ihun "ɓarawo" ma. Mafarauta 16 da aka kashe a garin Uromi na jihar Edo a 2025 kan hanyarsu ta dawowa Kano, zargi kawai aka yi musu, taro ya yanke hukunci.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Barista, in an kama ɓarawon aka ɗaure shi kafin 'yan sanda su iso, akwai laifi?

Lauya: Babu, doka ta yarda ku kama shi ku tsare, amma ku miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Maigidanki ya tsaya a kansa kada matasa su taɓa shi, domin in ya mutu a gidanku shi za a fara tafiya da shi ofis.