Cigiya: wai "perime" da Hausa me za mu ce masa?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. Aikina binciken kayan da ake shigowa da su daga waje ne, madarar gwangwani, tumatir, sardin, biskit, man shafawa, mu shiga shaguna da sito mu duba dat, wato kwanan watan da aka buga a jikin kaya, da lambar kaya, wanda bai dace ba mu kwashe. To an ce in je rediyo in yi wa jama'a bayani, ni kuma tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a nan Nijar a 2025 kunya nake ji in zauna ina ta perime perime kamar ba mu da bakinmu. Perime ɗin nan Faransanci ne, kayan da dat ɗinsu ya wuce ake nufi. Ku taimaka min da kalma ɗaya gajera ta Hausa.

Mai shago a Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam. Lalatacce mana malam, miye abin wahala a nan

Ɗan Birni: Alhaji ai lalataccen nan ne ya ba ni kunya. Kwanaki na ɗauki gwangwanin madara a wani shago dat ɗinsa ya wuce da wata biyar na ce wannan lalatacce ne, mai shagon bai ce min komai ba ya sa wuƙa ya fasa ya lasa a gaban mutane ya ce to ina lalacewar, aka yi ta min dariya har da yaran kanti. Kuma ta wani gefen da gaskiyarsa, ba wari ba tsami. Sannan akwai akasin haka, gwangwanin da saura shekara guda a jikinsa amma ya sha rana a bayan kamiyo tun daga Lome, ya zo ya kwanta a sito mai rufin kwano cikin zafin Afrilu da ke haura 40, sai ka ga murfin ya kumbura ko gefen ya yi tsatsa. Wannan shi ne lalatacce, alhali bai yi perime ba.

Inna daga Zango: Ɗana ku ce kwantai, mu haka muka sani

Mushe mai ritaya: Hajiya kwantai abin da bai samu mai saye ba ne. Ƙosan safe in ya kai la'asar ya yi kwantai, shi kuwa sardin sai ya shekara a kan kanta yana kwantai lafiyarsa lau.

Baƙo daga Daura: Mu nan ƙetaren Kwangwalam sai ka ji an ce kaya ya yi isfaya, wannan ma aro ne. Amma ƴan jarida in NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta ƙona kaya cewa suke "kayan da wa'adinsu ya ƙare", wani lokaci su haɗa duka su ce jabu.

Ɗan Birni: Jabu kam a ajiye shi gefe yayana, shi na kwaikwayo ne, kwali na wani kamfani cikin na wani. Akwai ma wani da ya fi ba ni tsoro, gurɓatacce. Ku tuna Gambiya a 2022, maganin tari na yara da aka shigo da shi daga Indiya, yara wajen 70 suka rasu ƙodarsu ta tsaya, ba tsufa ya yi ba, guba ce a ciki mai suna diethylene glycol, irin wadda aka samu a maganin haƙorin jarirai a Najeriya a 2008. Dat ba ya nuna wannan sai an kai awo, shi ya sa muke ɗibar samfur a aika ɗakin gwaji a Yamai. In na tattara duka na ce lalatacce uwa za ta shinshina kwalba ta ji ba komai ta ɗura wa yaro.

Mushe mai ritaya: To ni wa'adin nan na baƙonmu ya kwanta min, don ba wanda bai san wa'adin bashi ba, rana ce aka yanka tun farko ko kana so ko ba ka so. Tsawon ne kawai matsala. Mu ce cika-wa'adi.

Inna daga Zango: A'a Mushe, ka ce wa'adinsa ya cika a rediyo ai sai mu fara salati muna tambayar waye ya rasu

Mushe mai ritaya: Hahaha kin kama ni Hajiya. Kuma ranar da ya cika ɗin ma ana iya ci, sai ya haura. To wuce-wa'adi, ginin duba-gari da faɗi-tashi ke nan, baki ba zai yi tuntuɓe ba. Madarar nan wuce-wa'adi ce, an kama katan 20 na wuce-wa'adi. Ya zauna.

Ɗan Birni: Madalla, na gwada da ƙarfi har uwargida ta leƙo. Zai ma taimake ni a wani wuri, don rubutun jikin kaya iri biyu ne mutane ba su lura. Akwai "à consommer jusqu'au" na kayan da ke saurin juyawa kamar yawur da nama, wannan iyakar wa'adi ce in ta wuce a zubar. Akwai "de préférence avant" na su biskit da taliya, ma'ana ya fi daɗi kafin ranar, bayanta ɗanɗano da ƙamshi ne ke raguwa. Masu goge dat su buga sabo kuwa ba sai mun ƙirƙiro musu suna ba, ha'inci ne.

Mai shago a Kasuwar Dole: Na yarda da wuce-wa'adi, amma ku faɗa a rediyon nan cewa wani lokaci saura wata ɗaya dila ke sauke mana katan da arha, mu ƙananan ne ke kwana ciki. Ku kuma me za a kira ku, kwanturola?

Mushe mai ritaya: Duba-kaya, ƙanen duba-gari.

Mai shago a Kasuwar Dole: Mu dai a layinmu ƴan kwashe muke ce musu

Ɗan Birni: Allah ya shirye ka Alhaji. Ka dai juyo da katan ɗin tumatir na can ƙasa ka duba kafin Alhamis.