Shin tsarin Agile ya yafe mana rubuta bayanan aiki ne?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum, ƴan uwa. Mu huɗu ne muke haɗa manhajar lissafin kaya ga wasu ƴan kasuwa a nan Damagaram, kuma muna aiki zango-zango na mako biyu bisa tsarin Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin Agile, wato tsarin gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa. Wanda ya gina sashen farashi ya koma Yamai da aiki, sai muka ƙara wani sabon rahoto a bayansa, amma duk adadin da ya fito kashi ɗaya ne cikin biyar na abin da mai shago ya sani. Kwana uku muka shafe kafin mu gano cewa da dala ya ajiye kuɗin, yadda ake ƙirge a kasuwa inda dala ɗaya take sefa biyar, ba da sefa ɗaya-ɗaya ba, kuma babu inda ya rubuta hakan. Abokan aikina suna cewa Agile ya hana ɓata lokaci a kan takardu. Shin gaskiya ne, kuma idan ba haka ba ne, me ya kamata mu riƙa rubutawa?

Malamin Kwamfuta:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokan aikinka sun ji rabin magana ne. Mutum 17 ne suka haɗu a Snowbird ta jihar Yuta a Amurka cikin Fabrairun 2001, suka fitar da sanarwar Agile, inda suka fifita manhajar da take aiki a kan takardu masu tarin yawa, amma a ƙasan sanarwar sun faɗa ƙarara cewa abin da aka fifita wani a kansa shi ma yana da daraja. Abin da suka gaji da shi shi ne kundin da ake shafe watanni ana rubutawa kafin a fara aiki, wanda yakan tsufa tun kafin a gama buga shi. Sun yabi magana baki da baki, amma wannan tana amfani ne muddin mai maganar yana kusa, kai kuwa naka yana Yamai.

Ƴar Zango:
Malam ya yi gaskiya. Mu abin da ya fisshe mu shi ne rubuta dalili, domin kod, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da manhaja, yana nuna abin da aka yi, amma ba ya faɗin abin da ya sa aka yi shi. Duk lokacin da muka yanke wata shawara mai nauyi, mukan rubuta shafi guda: halin da ake ciki, abin da aka zaɓa, da abin da zai biyo baya. Michael Nygard ne ya yaɗa wannan hanya a 2011. Muna ajiye shafin a cikin Git, ma'ajiyar da ke adana kod da tarihin sauye-sauyensa, tare da kod ɗin kansa, ba a saƙon murya na WhatsApp ba, wanda yakan tafi ranar da waya ta lalace. Da ɗan uwanku ya rubuta layi biyu cewa ya zaɓi dala ne don haka ƴan kasuwa suke lissafi, da kwana ukun nan ba su salwanta ba, kuma ni a ganina zaɓin nasa ma mai kyau ne. Sannan ku sa gyaran bayani cikin sharuɗɗan da Scrum ya ce ku gindaya kafin ku kira aiki kammalalle.

Tsohon Hannu:
Ina da ƴar fargaba, Malama. Bayanin da ba a sabunta ba ya fi rashin bayani cutarwa, tunda mutum zai gaskata shi ya bi. Ku fara da sa wa gurbin kuɗin suna mai ɗauke da kalmar dala, ku kuma rubuta gwaji, wato ɗan kod mai duba aikin manhajar da kansa, wanda zai tabbatar cewa dala 200 tana fitowa sefa 1000 a rahoto, domin gwaji yakan nuna kuskure nan take idan wani ya sauya lissafin.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za mu fara da gwajin da shafin dalili a zangon da ke tafe. Saura jagorar masu shago, wadda har yanzu muke muhawara ko da Faransanci za a rubuta ta ko da Hausa, ganin cewa yaran da ke zama a kan kwamfutar da Hausa suke yi mana tambaya.