Fostar gasar ƙwallon unguwa: takarda ko bana (babban ƙyallen talla)?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum. Za mu shirya gasar ƙwallo ta 'yan ƙasa da shekara 17, ƙungiya takwas, bayan Babbar Sallah a filin firamaren unguwarmu. Ni aka ɗora wa fosta, naira dubu 40 ke hannuna. Yara dama za su zo, iyaye da masu shaguna nake son jawowa. In buga takardu masu girman A3 mu manna, ko bana biyu manya a bakin titi?

Abba Zane: Wa alaikumus salam. Sa Ahmed Musa da rigar Pillars a tsakiya, ka watsa a WhatsApp, an gama.

Malam Sabo: Abba, ya ce iyaye. Kuma duk wanda ya ga hoton zai ɗauka mutumin zai zo, in bai zo ba a ce kun yaudari jama'a. Dattijo yana kan babur abu uku zai iya karantawa: me ake yi, a ina, yaushe. Su za ka yi manya, baƙi a kan ruwan ɗorawa.

Kocin Yara: Ni fosta ta taɓa ƙona ni. A waya na tsara tawa da manhajar zane ta Canva, na tura wa mai bugawa a matsayin hoto, ashe WhatsApp na rage ingancin hoto. Guda 200 suka fito dishi-dishi, fuskar kyaftin ɗinmu ko uwarsa ba za ta gane shi ba. Koren da na zaɓa ya koma kamar miyar kuka. Salon rubutun kuma ba shi da ƙ, a wurinta sai wani ɗan akwati ya fito, saura "wallo". Na koma, ya ce abin da na turo ya buga, ko sisi bai mayar ba. Ga shi Ƙaramar Sallah ce, na rubuta rana da ƙarfin hali, ba a ga wata ba. Da biro muka bi bango muna gyarawa, ni da yara huɗu, muna azumi. Kuɗin kuwa karo-karon iyayensu ne. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Iman: Allah sarki Koci. Allah ya mayar da alheri.

Malam Sabo: Fayil ɗin PDF ake kai wa masu bugawa, ba hoto ba, ko ka zauna a tsara a gabanka da manhajar CorelDraw, a fitar da guda ɗaya ka duba. Babbar Sallah da sauƙi, da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Zulhajji ka san ranarka.

Abba Zane: A3 mai kala naira 200 nake bugawa.

Kocin Yara: A ina? Ni 500 aka ce mini watan jiya.

Abba Zane: An ga baƙo ne, Koci.

Kocin Yara: Yaro, fosta nawa ka taɓa mannawa da hannunka? Shekarata 12 ina harkar nan.

Abba Zane: Haba Yaya, wanda aka buga wa "wallo" ne zai koya mana?

Ɗan Baba: Mu a layinmu awaki suka fi kowa bibiyar fosta. In da kunun fulawa aka manna, kafin La'asar sun cinye har jadawalin wasa.

Maman Iman: Ku rubuta cewa akwai rumfa da kujerun mata, kuma za a tashi kafin Magariba. Rashin wannan ke hana mu zuwa, ba launi ba.

Malam Sabo: Gaskiyarki Hajiya. In ma ta tsira daga awaki, 'yan siyasa za su manna tasu a kai cikin dare.

Kocin Yara: Kada ka tuna min da su. Wani ya ce zai ba da kofi da riguna, sharaɗi hotonsa ya ci rabin takarda. Muka yarda. Ranar wasan ƙarshe wayarsa a kashe, kofin bara muka goge muka miƙa wa yara.

Ɗan Gwale: Na gode. Amma takardar ko banar?

Ɗan Baba: Koci, ku kun ma samu na bara. Namu har yau yana falon wani kansila.