Ido 30 na ɗora, yanzu sun zama 38, ina matsalar take?

Autar Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Sati biyu ke nan da na fara koyon saƙar kibiya, kuma gaskiya abin ya fara ƙona mini rai. Ɗan mayafin wuya nake son yi. Ido 30 na ɗora, wato madaukan ulu a kan kibiya, jiya na ƙirga na tarar da 38, gefe ɗaya sai faɗi yake ƙarawa. Ga huji biyu a tsakiya da ban san inda suka fito ba. Sannan saƙar ta yi tsauri, sai na danna kibiya da ƙarfi kafin ta shiga ido, yatsana har ya fara kanta. Kibiyar ce ba ta da kyau in canza wata, ko hannuna ne?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam Auta. Kafin a ɗora wa kibiya laifi, gaya mana lambarta, da irin ulun da kike amfani da shi, da launinsa.

Autar Zaure: Ta ƙarfe ce, doguwa, an rubuta 3 a gindinta. Ulun kuma baƙi ne mai ɗan kauri, mai gashi-gashi.

Maman 'Yan Biyu: To ai kin haɗa wa kanki wahala uku a lokaci guda. Kibiya mai milimita 3 ta yi wa ulu mai kauri siriri, dole saƙa ta ƙage. Baƙin ulu kuma ko mu da muka daɗe sai mun nemi haske sosai kafin mu ga ido a jikinsa. Mai gashi-gashin nan kuwa ɓoye kuskure yake yi, kuma idan kika zo warwarewa sai ya cukurkuɗe. Ki ajiye shi sai hannunki ya faɗa. Ki samo ulu mai santsi, mai haske, matsakaicin kauri, da kibiya mai milimita 4.5 ko 5. Ki duba takardar da ke naɗe jikin ulun, galibi akwai ɗan hoton kibiya biyu a gicciye da lambar da ta dace da shi.

Anti Mai Kwarashi: A nan ma akwai tarko. Lambar da za ki riƙe ita ce ta milimita kawai. Tsarin Amurka daban, tsohon tsarin Ingila daban, kuma sun juya wa juna baya. A na Amurka idan lamba ta ƙaru kibiya kauri take ƙarawa, a tsohon na Ingila kuwa idan lamba ta ƙaru sirancewa take yi. Milimita 4 ita ce lamba 6 a Amurka, amma 8 ce a tsohon na Ingila. Milimita 5 kuma 8 ce a Amurka, 6 a Ingila. Kin ga idan aka ce miki "lamba 8" kawai, ba ki san wadda ake nufi ba. Akwai wani ɗan ma'auni mai huji-huji da ake zura kibiya a ciki a ga ainihin kaurinta, yana da amfani musamman ga tsofaffin kibiyoyin da rubutunsu ya goge.

Goggo: Duk gaskiya kuka faɗa, amma ku bar ni in yi magana a kan tsaurin nan, don ko ta canza kibiya zai iya binta. 'Yata, ina kyautata zaton a kan tsinin kibiya kike saƙa. Tsinin siriri ne, idan kika naɗa ulu a nan kika ja kika ƙulle, idon zai fito daidai girman tsinin, ba girman jikin kibiya ba. Layi na gaba sai ki zo kina kokawa da shi. Duk idon da kika zaro, ki tura shi ya hau jikin kibiyar dama inda take da cikakken kauri, sannan ki wuce. Kuma ki daina fizgar ulu bayan kowane ido. Sababbi duk haka suke yi don tsoron kada ya zame. Ido mai lafiya shi ne wanda zai yi ta kai da komo a kan kibiya ba tare da ya faɗi ba.

Autar Zaure: Allah ya ƙara girma Goggo, wallahi kamar kuna kallona. Bayan kowane ido sai na ja shi sosai.

Goggo: Ai na sani. Hannu da yawa sun bi ta gabana.

Malama: Ni shawarata ta koma kibiyar gora ko ta katako. Tunda tsoron zamewa ne ke sa ta ja, gora tana ɗan riƙe ulu, hankalinta zai kwanta.

Maman 'Yan Biyu: Malama a nan kam ban bi ki ba. Mai matse saƙa idan kika ba ta gora ai ƙara mata aiki kika yi, don idon ba zai tafi ba sai ta tura shi da farce. Ƙarfe ya fi sulɓi. Gora ta fi dacewa da wadda saƙarta ke sako-sako.

Malama: Ni dai da gora na warke daga matsewa. Amma na yarda ba kowa ba. In tana da hali ta gwada duka biyun a kan ulu ɗaya, layi goma-goma, hannunta zai gaya mata.

Anti Mai Kwarashi: Mu dawo kan 38 ɗin nan, don shi ne babban abin. Ido ba ya haihuwa da kansa. Wuri na farko da zan zarga shi ne farkon layi. Idan kika juya saƙa, kika ɗaga zaren ta saman kibiya kika jefa shi baya, zai janyo idon da ke ƙasa ya hau, sai ƙafafunsa biyu su fito kamar ido biyu. Ke kuma sai ki saƙa kowanne. Shi ya sa gefe ɗaya ke faɗi. Maganinsa, kafin ki fara layi ki ja zaren ƙasa, ki bi da shi ta ƙarƙashin kibiya, za ki ga ido ɗaya ne tak.

Salon saƙa ido iri biyu ne, saƙar gaba da saƙar baya. Hujin kuma yawanci daga nan yake: zare yana gaba alhali saƙar gaba za ki yi, sai ya haye kan kibiya ya zama sabon ido, ƙarƙashinsa kuma rami. A saƙar gaba zare yana baya, a saƙar baya zare yana gaba, kuma ta tsakanin kibiyoyin biyu ake wuce da shi, ba ta sama ba. Akwai kuma tsaga ulu, wato tsini ya shiga tsakiyar zaren ya raba shi biyu, layi na gaba ki ɗauka ido biyu ne.

Yaya Babba: Ki ƙara da ajiye saƙa a tsakiyar layi. Ni abin da ya daɗe yana ba ni huji ke nan. A kira ni in tashi, in dawo in ɗauka ta bai-bai in koma inda na fito. Sai gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga rami a wurin da na juya. Alamar mai sauƙi ce: kibiyar da zaren dunƙule ke rataye a idonta na ƙarshe, ita ce ta hannun dama. Yanzu kam ko wa ke kira sai na ce bari in kai ƙarshen layi.

Autar Zaure: To yanzu in warware duka ke nan?

Goggo: Wannan baƙin dai ki warware, ba asara ba ce. Amma kada ki fara mayafi tukuna. Ki ɗora ido 20 a ulu mai haske, ki yi ta saƙar gaba kowane layi, kina ƙirgawa duk ƙarshen layi. Idan kin ga 21, ki tsaya nan take ki nemo ɓarawon, kada ki wuce. Abin da nake so ki koya shi ne kallon saƙa ki gane abin da ke gabanki. Idon gaba kamar harafin V yake, idon baya kuma ɗan tudu ne a kwance a wuyan ido. Abu ɗaya ne, fuska da ƙeya: duk idon da ya zama V a nan, tudu ne a ɗaya gefen. Ranar da idonki ya iya rarrabe su, ba sai kin tambayi kowa inda kika tsaya ba.

Sannan ki lura da yadda ido ke zaune a kan kibiya. Yana da ƙafa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Yadda aka fi koyarwa, ƙafar dama ce ke gaba, ita ce ta fi kusa da tsini. Idan kika zare kibiya kika mayar da ido a juye, ko kika naɗa zare a kibiya ta bai-bai, sai gindin V ɗin ya harɗe. Murɗaɗɗen ido ma yana kawo tsauri.

Malama: Tunda an zo kan warwara, ga dabara. Idan kin kai wurin da kika tabbatar komai daidai ne, ki zura wani siririn zare mai launi daban ta cikin duk idon da ke kan kibiya da allura marar tsini, ki bar shi a nan. Idan kika yi kuskure a gaba, sai ki warware zuwa wannan zaren, zai riƙe miki kowane ido.

Anti Mai Kwarashi: Kuma kwarashi kada ya bar jakarki ko da ba kya saƙa da shi. Idan ido ya faɗi ya gangara, za ki ga zaruruwa a kwance kamar matakalar tsani. Ki cafke idon da kwarashi ta gefen V, ki janyo zaren da ya fi kusa da shi ta ciki, sannan na sama, haka har ki iso ki mayar kan kibiya. In saƙar gaba zalla ce ta kowane layi, sai kina juya aikin bayan kowace matakala don tudun ya fito daidai. In ba ki da lokaci a take, ki soke idon da fil mai kulle ya tsaya.

Autar Zaure: Na iya kwarashi kaɗan, da shi na fara.

Anti Mai Kwarashi: Ah to, ki gwada riƙe zare a hannun hagu yadda kika saba. Hanya biyu ce sananniya: ta Ingila, zare a dama ana naɗa shi a kibiya, da wadda ake kira ta nahiyar Turai, zare a hagu ana ɗauko shi da tsini. Saƙar da ke fitowa iri ɗaya ce. Masu kwarashi da yawa ta biyun ta fi zo musu da sauƙi.

Yaya Babba: Ni tambaya gare ni, a taimaka mini ni ma. Na yi mayafi da layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, ya yi kyau, amma ya nannaɗe kamar bututu. Na sa masa dutsen guga, sai ya mutu ya yi lagwas.

Maman 'Yan Biyu: Yaya ai halin wannan saƙar ke nan, ba laifinki ba ne, ko wa ya yi ta sai ta naɗe. Ana tare ta ne da baki: layi biyar ko shida na gaba zalla a farko da ƙarshe, da ido huɗu ko biyar na gaba zalla a kowane gefe. Ko ki yi duka da ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, wato ido ɗaya gaba ɗaya baya ko biyu gaba biyu baya, waɗannan a kwance suke zama. Gugar kuwa, in ulun akirilik ne to roba ce, zafi yana narkar da ƙarfinsa kuma ba ya dawowa. Na gashin tumaki shi kuma ruwan zafi da cuɗa ne ke ƙanƙance shi ya dunƙule.

Malama: Sauran abu biyu da ke cin mutane a ƙarshen aiki. Ɗaya, rufe baki da ƙarfi har ya tattare, a yi shi da kibiyar da ta fi kauri kaɗan. Biyu, ulu ya ƙare a nemo wani, launi ya ɗan saɓa. A takardar ulu akwai lambar launi, akwai kuma lambar rini, wato tukunyar da aka rina shi. A ɗebi abin da zai isa daga lambar rini ɗaya tun farko. Idan za ki haɗa sabon dunƙule, ki haɗa a gefe, ki bar jela kamar santimita 15 don ki samu abin sokewa.

Goggo: Ba wadda ta ambaci gwaji. Na san ba ku son sa. Mayafi ba ruwansa, amma hula ko riga, sai an saƙa ɗan yanki da ya ɗan wuce santimita 10 a auna ido nawa ke cikin 10 ɗin. In tsarin ya ce 22 ke kuma kin samu 24, rigar za ta matse, sai ki hau kibiya mai kauri. In 20 kika samu sai ki sauka.

Autar Zaure: Goggo ita kibiya mai igiya fa, wato tsini biyu da igiya ta haɗa? Na ga kamar ta ƙwararru ce.

Goggo: Ba ta ƙwararru ba ce. Ana saƙa kai da komo da ita kamar miƙaƙƙiya, nauyin aikin kuma yana kan cinyarki maimakon wuyan hannu. Mai santimita 80 ta ishe ki mayafi da bargon jariri, mai 40 ita ce ta hula. Sai dai ranar da za ki haɗa zagaye, ki duba da kyau kada layin farko ya murɗe a kan igiyar, don in kin yi nisa ba shi da gyara sai warwara.

Autar Zaure: Na dawo da labari. Na samu ulu ruwan madara da kibiya mai milimita 5. Layi 14 na yi, sau biyu na ga 21, kuma duka biyun a farkon layi ne kamar yadda Anti ta ce. Na ja zaren ƙasa sai idon ya koma ɗaya. Yanzu 20 cif. Amma gefen yana ɗan sako-sako.

Maman 'Yan Biyu: Madalla Auta. Idon farko ki ɗauke shi kawai zuwa kibiyar dama ba tare da kin saƙa ba, na biyun ki ɗan ja zaren kaɗan. Ki yi layi goma a haka ki turo mana hoto mu gani.